Babban Hoton Ogutu

Sunan da iyayenta suka raɗa mata Apondi, amma in ka sauka bakin tafki kana tambayar Apondi, sai ka wuni kana zagaye ba wanda ya nuna maka ita. Nyalego kowa ya sani, wato 'yar Alego. A nan haka ne, mace in ta yi aure sunan garinsu ake liƙa mata, ko ta tsufa ta zubar da haƙora a gidan miji tana nan baƙuwa a bakin mutane.

Daga tudu aka kawo ta, inda ba su san ruwa ba sai na rijiya, aka ajiye ta a gidan masunta. Ta koyi shanyar omena, ƙananan kifin nan masu ƙyalli kamar allurai. Ta koyi baza su a kan taru, da juya su da tsintsiya, da jifan tsuntsaye ba tare da ta ɗaga kai ba. Duk wannan koya mata aka yi. Abin da ta zo da shi daga gidan ubanta ido ne. Da safe in jirage suka taso, ba wanda ke ganin komai sai ɗigo-ɗigo baƙi can inda ruwa ya haɗu da sama, ita kuwa sai ta kare goshi da hannu ta ce, wancan na wane ne, wancan na wane, na tsakiyar nan kuwa yau ya sha kunya, ba komai a cikinsa. Matan da ke sarin kifi sukan raɓe kusa da ita kamar ba sauraro suke yi ba. Ba fuska take gani ba, wa zai ga fuska a wannan nisa? Tsayuwa take gani. Takan ce kowane mutum da yadda yake ɗauke da jikinsa, ko da an rufe masa kai da buhu.

Idon nan shi ya fara gaya mata ranar da jirgin mijinta bai dawo ba. Sauran mata na ce mata ta yi haƙuri ga wasu nan tafe, ita ta riga ta kife kwandonta ta zauna a kai. Tafki dai ya yi mata mutunci ya dawo da shi, ko da yake ba yadda ya karɓe shi ba. Aka binne shi nan bakin ruwa, don wanda ruwa ya ci ba a shiga da shi gida. Ya bar mata 'ya'ya mata biyu, waɗanda suka girma suka tafi zaman baƙunta a wasu gidajen, da namiji ɗaya tal, Ogutu.

Ta rantse Ogutu ba zai taka jirgi ba. Ta kai shi makaranta, ya gudo. Ta kai shi wajen kafinta, ya koyi gyaran jirgi, daga gyara sai gwadawa, daga gwadawa shi ke nan. Ya zama dogon mutum mai yawan dariya, kafaɗarsa ta hagu a sauke saboda ɗaukar injin jirgi, ga tabo ya raba girarsa ta dama biyu, inda ƙugiya ta kama shi yana ƙarami. Ya auri Adongo, yarinya marar hayaniya, suka samu ɗa.

Ana saura kaɗan Kirsimeti iska ta same su a tsakiyar ruwa. Su huɗu ne a jirgin. Biyu aka tsinto rungume da jarkar mai, ko magana ba sa iyawa. Na uku tafki ya dawo da shi da kansa. Ogutu kuwa shiru. Aka bi gaɓa hagu da dama, aka leƙa cikin ciyawar ruwa, aka tambayi mutanen tsibirai, har masu neman suka fara kallon ƙasa in sun haɗu da Nyalego a hanya. Ita ba ta zubar da hawaye ba. Ta ce ba ta ga gawa ba, ba za ta yi wa iska kuka ba. Ai an sha jin labarin wanda baƙin masunta suka tsinta can tsallake, ya daɗe yana yi musu aiki kafin ya samu hanyar gida.

Wan mijinta, Oyugi, shi ne babba a gidan. Tsoho ne mai taurin kai, amma ba mugu ba ne. Mugunta tana son ƙwazo, shi kuwa ba shi da shi. Ya ƙyale ta sai da gajimare ya fara taruwa, manoma suka fara wasa fartanya, sannan ya zo ƙofar ɗakinta da sandarsa, ya zauna ba a ce ya zauna ba.

"Nyalego, na sa an duba itacen yago na bayan coci. Ya yi 'ya'ya."

Ta san inda ya dosa. Wanda ya ɓata ba a ga gawarsa ba, ɗan yago ake tsinkowa, dogon nan mai reto kamar taɓarya, a naɗe shi, a haƙa masa kabari, a binne shi da sunan mutumin. Daga ranar mutum ya zama mamaci, matarsa ta shiga takaba. Kuma a gidan su Oyugi, wanda aka binne wa yago ko ya dawo da ƙafafunsa ba ya shiga ta ƙofa, ba mai ba shi hannu, ba mai sa hannu a kwano ɗaya da shi. Yana da kabari, me kuma yake nema cikin masu rai?

"Yaya, in ya yi 'ya'ya a bar wa jemagu, su suka saba da shi."

"Bakinki ba zai tsayar da ruwan sama ba. Kin sani sarai ba mai zuba iri a gidan nan mutuwa tana buɗe. Gida guda za mu zauna da yunwa? Ga yarinyar nan Adongo, ita ba matar aure ba, ita ba mai takaba ba, ta rame kamar sandar nan tawa."

"To sai ka binne mini ɗa da ransa don ka shuka masara?"

"Kawo mini shi da ran nasa, ni da kaina zan yanka masa sa."

Ana cikin wannan ja-in-ja ne ƙawarta Akelo, mai kai busasshen kifi kan iyaka, ta same ta wajen shanya, tana haki, zani na neman kwancewa.

"Ajiye tsintsiyar nan ki zauna tukuna, kada ki faɗo mini a ka."

Hoto ne a waya. Wani mutum ya ɗauka a wani tsibiri can tsallake, yana yi wa abokansa burga da sabon jirgin da ya tura ruwa bayan shigowar sabuwar shekara, wato bayan ɓatan Ogutu. Shi ya tura wa wani, wanin ya tura wa matar ƙaninsa, ita ta watsa wa masu sarin kifi, har ya faɗo wayar Akelo. A gaba ga jirgi fentinsa ja da kore, maza na turawa. Can baya, gefen wata rumfa, wani mutum a tsaye yana kallonsu, duk tsawonsa a wayar bai fi ɗan omena guda ba. Dogo ne. Kafaɗarsa ta hagu a sauke.

Nyalego ta kai idonta kusa da wayar. Akelo ta sa yatsu biyu ta buɗa hoton don mutumin ya matso. Ya matso ɗin, amma sai ya dushe kamar an shafa wa gilashin mai.

"Wayar ce ƙarama," in ji Nyalego. "Yaya za a yi mutum kamar Ogutu ya shiga abin da bai kai tafin hannu ba?"

Suka kai wa Oyugi. Ya miƙa wayar nesa, ya jawo ta har tana taɓa hancinsa, ya ce shi dai ƙuda yake gani. Amma ya daɗe bai mayar da wayar ba, Nyalego ta lura.

"Ran Asabar dattawa za su zauna a gindin mangwaro," ya ce. "Ki kawo shi yadda idon tsofaffi zai gani. In na ga tabon girar nan, yago ya zauna a bishiyarsa ko damina za ta wuce mu. In ban gani ba, kada ki ƙara tare mini hanya."

Ran Asabar ɗin da sassafe ta karɓi aron wayar Akelo, ta hau babur zuwa cikin gari, shagon Odundo mai hoto. Odundo mutum ne mai tumbi da zolaya, rabin garin nan shi ya wanke musu hoton aure, sauran rabin kuwa shi ya wanke hoton da aka riƙe a gaban akwatinsu. A bangon shagonsa ma haka abin yake a jere: na 'yan makaranta ƙanana, na amare matsakaita, manya-manyan kuwa, masu baƙin firam, duk na waɗanda suka riga mu ne.

"A'a, Mama Nyalego da kanta! Miji aka samu ne, za a ɗauki hoton nunawa?"

"Wanda na samu na farko ma tafki ya fi ni sonsa. Karɓi nan. Ga ɗana can baya. Ka fito mini da shi shi kaɗai, ka yi shi babba, wanda ya fi kowanne girma a shagon nan."

Dariyar Odundo ta ɗauke. Ya san labarin Ogutu, wa bai sani ba? Ya zuba hoton a kwamfuta, ya yi ta kallo, yana sosa ƙeya.

"Mama, wannan hoton ya sha hanya."

"Ni ma na sha hanya. Yi aikinka."

"Tsaya ki ji. Hoton waya ba ruwa ba ne da za a ƙara masa wani ruwan. Ƙwayoyi ne ƙanana a jere, kowace da launinta, kuma ƙidayayyu ne. Wanda ya ɗauka tun farko, a ce kwando cike ya samu. To in za a tura wa wani, waya sai ta zubar da wasu don kayan su yi sauƙin tafiya. Wancan ya tura, ta zubar. Wancan ma ya tura, ta zubar. Abin da ya iso hannunki bai fi cikin tafi ba. A cikin tafin nan ma jirgi ya kwashe mafi yawa, ɗanki 'yar tsunkule ya samu. Ke da kike shanya, in aka ba ki omena cikin tafi guda, zai rufe faranti, ko?"

"Zai rufe."

"In kika baza shi a kan babban tarunki fa?"

"Taru za ka gani. Kada ka koya mini sana'ata, ɗan nan."

"To shi ne. In na wanke miki shi kamar kwalin ashana, zai fito da kyansa. In na ja shi ya kai wancan," ya nuna na baƙin firam da haɓa, "injin ba zai ƙirƙiro abin da babu ba. Ƙwayoyin da ke akwai zai kumbura."

"Lokacin zaɓe na ga an mayar da kan mutum kamar ƙofar coci an liƙa a bango, har gashin hancinsa ana ƙirgawa. Su 'ya'yan wa ne?"

"Su a gaban babbar kyamara suka tsaya, Mama, suna murmushi, kwandonsu cike. Abin da za ki yi, ki nemo wayar farko, wadda aka ɗauka da ita. A can wataƙila tabon yana nan."

Ta ina? Akelo ta riga ta bi sawu. Matar ƙanin ta ce wani ne ya turo, wanin ya ce ya goge, mai jirgin kuwa yana tsibirin da waya ba ta shiga sai an hau dutse. Dattawa kuma yau za su zauna, ba gobe ba.

"Oyugi ya ce ƙuda yake gani. In na kai masa kwalin ashana me zai gani, kwarkwata? Yi mini babba."

Odundo ya ɗaga kafaɗa. Injin ya yi ta gurnani yana turo takarda a hankali. Da ta gama fitowa ya shimfiɗa ta a kan tebur. Nyalego ta sunkuya.

Ba fuska. Inda ya kamata ido ya kasance, wani baƙin gida ne mai kusurwa huɗu. Kusa da shi wani mai ruwan ƙasa, sai wani mai ruwan toka, gida-gida a jere kamar saƙar tabarma. Baki babu, hanci babu. Gira kuwa, inda duk maganar take, dunƙule guda ce mai duhu. Ji ta yi kamar ta leƙa rijiya ta ga wani yana leƙo ta.

"Ka lalata shi," ta ce, amma muryar ba ta fita da ƙarfi ba.

"Abin da ke ciki ke nan, Mama. Na gaya miki."

Takarda mai wannan girma ba ta hawa babur haka nan, iska za ta yayyaga ta. Firam mai ɗaukarta kuwa iri ɗaya ne a shagon, don ba mai wanke hoto haka sai don abu ɗaya. Odundo ya sa shi a baƙin firam ya rufe da gilashi. Ya kuma wanke ɗan ƙaramin, mai girman kwalin ashana, ya danƙa mata, ya ce ta riƙe ko ba ta so. Ya jingina babban a bakin ƙofa, ya shiga neman tsofaffin jaridu na naɗewa, ita kuma ta tsallaka titi kiran mai babur.

Daga can ta waiwayo. Sai ga Ogutu.

Shi ne, a jingine a ƙofar shago, yana kallonta ta tsakanin masu wucewa. Gida-gidan nan duk sun narke sun haɗu, ga goshi, ga inuwar ido, ga kafaɗar nan a sauke, har kamar zai yi dariya. Ta dafe ƙirji. Ashe nisa yake so! Ashe ita ce ta matsa masa! Ta dawo da sauri, tana matsowa yana watsewa, amma yanzu ba ta damu ba, ta san yana ciki.

Odundo ya naɗe shi ruf da jarida ya ɗaure da igiya. "Mama, don Allah kada ki kwance sai kin shiga gida. Kin dai ga irin firam ɗin."

Ta ce ta ji. Ba ta ji ba.

Mai babur ya sauke ta a mararraba, ya ce hanyar gidansu ta yi yashi, ba zai kashe tayarsa ba. Hadari ya haɗo ta kan tafki, baƙi ƙirin, iska ta tsaya cak, ko tsuntsu ba ya motsi. Nan ta tsaya ta yi tunani. Tun kafin Kirsimeti mutanen garin nan ke kallonta kamar mai taɓin hankali. Yanzu ga ɗanta a hannunta, kuma daga nesa ya fi fitowa. Don me za ta wuce da shi a ƙunshe kamar kayan sata? Ta tsinke igiyar da haƙori, ta yaye jaridar. Abin da nauyi, ga gilashi, ba ya ɗaukuwa a ka, ba ya shiga hammata. Ta rungume shi da hannu biyu a ƙirji, fuskar tana kallon gaba, ta kama hanya a hankali don kada ta yi tuntuɓe.

Mace mai idon da ke gane jirgi tun yana ɗigo, ba ta ga kanta ba. Duk wanda ya taɓa zuwa jana'iza a ƙasar nan ya san wa ke tafiya haka: a hankali, hannu biyu, baƙin firam a ƙirji, a gaban akwati.

Matan da ke kwashe shanya saboda hadari su suka fara hango ta. Daga inda suke, fuskar ta fito tas.

"Wayyo, Ogutu ne! Nyalego ta haƙura! Ta ɗauko hotonsa!"

Ɗaya ta ɗora hannu a ka ta ƙwala kururuwa. Kururuwar mutuwa kuwa ba a barin ta ita kaɗai. Ta gidan gaba ta karɓa, ta bayan coci ta karɓa, kafin Nyalego ta kai gindin tsamiyar da ke tsakiyar hanya duk gari ya ɗauka. Mata na fitowa daga gonaki da madafai suna bin bayanta, suna kiran sunansa, suna kiran sunan ubansa.

"Ku yi shiru!" Ta juya tana ihu. "Yana da rai! Ku dube shi, yana da rai!"

"Haka ne, uwa, yana raye a wurin Ubangiji," in ji wata tana shafa mata baya. Wace uwa ce ba ta faɗin haka a ranar? Kukan ma sai ya ƙaru. Ta so ta juya hoton ta kife shi a jikinta, amma hannuwa sun riga sun tallafe ta ta ko'ina, ana tura ta gaba. Haka ta shiga ƙofar gida da jama'a a bayanta. Adongo ta fito da goyo, ta hango fuskar mijinta a baƙin firam, ta zube a ƙasa.

Dattawa na zaune a gindin mangwaro. Oyugi ya miƙe ya buga sandarsa a kan benci har aka yi shiru.

"Nyalego, mene ne wannan?"

"Abin da ka ce in kawo, Yaya. Ba na makoki ba ne, waɗannan ne ba su da hankali. Hoton tsibirin nan ne. Ga shi yadda idon tsofaffi zai gani."

Aka jingina shi a jikin mangwaro. Daga inda benci yake, dattawa suka yi ta gyaɗa kai, lalle ya yi kama, kai, shi ne ma. Zuciyar Nyalego ta fara sauka. Sai Oyugi ya ce, "Saura tabo," ya tako da sandarsa.

"Daga nan ma ana gani, Yaya, ba sai ka matsa ba."

"Tabo ba a ganinsa daga nesa."

Ya matsa. Ya sunkuya. Ya daɗe a sunkuye. Ya sa yatsa a kan gilashi daidai gira, ya goge da gefen rigarsa ko ƙura ce, ya sake dubawa. Sannan ya ja da baya, da baya, har ya kai benci, ya tsaya. Ya sake takowa. Wannan karon kafin ya kai sai ya tsaya, ya cire hularsa.

Sauran suka taso ɗaya bayan ɗaya, kowa ya je ya duba ya dawo. Wani tsohon masunci, wanda ya fi kowa daɗewa a ruwa, shi ya faɗi abin da ke ransu, a hankali, kamar ba ya so hoton ya ji.

"Daga nesa mutum, in ka matso ba fuska. Mun san irinsu. Mun sha hango su a gaɓa in mun taso da asuba, a tsaye, suna kallon masu tura jirgi. Ba a taɓa isa wurinsu."

Can kan tafki aka yi tsawa.

"Ƙwayoyi ne!" in ji Nyalego. "Mai hoto ya gaya mini, waya ce ta zubar da su a hanya, kamar omena a kan taru, in da an samu ta farko..." Ta ji yadda maganar ke fita, ta ga yadda ake kallonta. Ta kwance bakin zani da sauri ta fito da ɗan ƙaramin. "To ga wannan! Wannan bai watse ba!"

Ya bi hannu-hannu. Tsofaffi suka ƙanƙance ido. Mutum ne dai a tsaye, kansa bai kai ƙwayar dawa ba. Tabo ina zai zauna a nan?

Oyugi ya sa aka ɗago Adongo. "'Yata, ke kika fi kowa saninsa. Je ki duba. Mijinki ne?"

Yarinyar ta je har gaban gilashin, ta tsaya, goyonta na kuka. Ta juyo, ba dattawa ta kalla ba, surukarta ta kalla.

"Mama, daga can shi ne. Daga nan ban san shi ba." Ta gyara goyonta. "Mama, in yawo yake yi, a taimake shi ya kwanta. Ina jin tsoro."

Oyugi bai ɗaga murya ba, da ma ya ɗaga da ya fi sauƙi. "Nyalego, na ce ki kawo mini shi da rai. Kin shigo da shi a baƙin firam, gari na kuka a bayanki. Kukan da aka fara ba a mayar da shi ciki. Kuma kin nuna mana da hannunki yaron nan yana tsaye a bakin ruwan wasu, ba shi da wurin kwanciya. Gobe za a tsinko yago."

Ruwan farko ya sauko kafin a watse.

Aka naɗe ɗan yagon a rigar Ogutu ta zuwa coci, aka binne shi a bakin tafki kusa da ubansa. Da yake Ogutu bai taɓa tsayawa gaban mai hoto ba in ba a cikin taro ba, babban hoton nan shi aka ɗora a kan kujera a gaban rumfar makoki. Na baya suna cewa kai, kamar ya yi magana. Kujerun gaba kuwa ba wanda ya zauna a kansu. Bayan an share makoki aka rasa mai ɗaukarsa. Adongo ta ce ba zai kwana a ɗakinta ba. Yana rumbun Nyalego har yau, fuskarsa na kallon bango. Aka zuba iri, masara ta yi kyau a shekarar, Oyugi bai taɓa yi mata gori ba, ita ma ba ta ƙara ce masa Yaya ba.

Akelo ta ci gaba da cigiya a kan iyaka. Daga baya aka ce mai jirgin ya sayar da wayar, wanda ya saya kuma ya goge komai na cikinta tas.

Nyalego tana nan bakin tafki, ta ƙara ranƙwafawa, amma idon bai mutu ba. Ɗan ƙaramin hoton yana ƙulle a bakin zaninta, ya yi laushi saboda gumi. Har yanzu ita ke faɗin jirage tun suna ɗigo, mata na raɓe da ita. Sai dai wata safiyar, a cikin baƙin jiragen da ke zuwa daga tsallake, takan hango wani dogo a tsaye, kafaɗar hagu a sauke. Da farko takan kutsa ruwa har gwiwa tana jira, jirgi ya iso, ya zama ɗan wata uwa daban. Yanzu ta daina. Da ta hango shi sai ta yi shiru, matan su dubi juna su fara ja da baya. In ba shi ba ne, ta sake rasa shi. In kuwa shi ne, ga kabarinsa nan a bayanta, da sunansa a kai, kuma ba mai ba shi hannu a garin nan. Sai ta kalle shi sosai tun yana nesa, tun yana da fuska, sannan ta ɗauki kwandonta ta juya gida kafin jirgin ya matso.